Yadda Na Gyara Fim ɗin da Bai Lalace Ba

Ku samarin da ke zama bakin shagon cajin waya kuna yanka bidiyon biki da babban yatsa, na ji abin da kuka ce ranar nan, don kunnena bai tsufa tare da ni ba. Kun ce wai aikin majigi na da ba aiki ba ne, a ɗaura faifai, a kunna inji, a koma gefe ana cin gyaɗa. To madalla. Ku gyara zama. Ba faɗa zan yi muku ba, haƙoran faɗan sun zube.

Ni Ummaru, shekara ashirin da wani abu na yi ina ɗinkin fim a zauren Alhaji Bawa Mai Majigi, nan unguwar Jega Firchin. Ku lura, ban ce ina haska fim ba. Masu haskawa su ne ke hawa mota su tafi ƙauyuka, su kafa farin ƙyalle a fili, 'yan mata na kallonsu awa yanzu suka sauko daga Makka. Ni ba ni cikinsu. Mota ba ta ƙaunata, ni ma ban ƙaunarta. In na shaƙi warin fetur hanjina sai ya nemi hanyar fita. Nawa aikin a zaune ne, tabarma ɗaya, taga ɗaya, in na karkata kunne ina jiyo dakan matata Ige, don katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Alhaji.

Fim ɗin wancan zamani ba iska ba ne irin naku da ake turawa daga waya zuwa waya. Abu ne na riƙewa a hannu, dogon zare mai faɗin ɗan yatsa, a naɗe a faifan ƙarfe cikin gwangwani. In ka ɗaga shi ga haske za ka ga ƙananan hotuna a jere, kowane da iyakarsa. Mu gida muke ce wa kowane ɗaya. A gefe akwai hudoji inda haƙoran inji ke kamawa su ja. Mu kuwa a wutsiyar layi muke. Fim sai ya gama Kano, ya gama Gusau, ya gama Sakkwato, kowane gari ya ci rabonsa, sannan a aiko muna ragowar, ya tsinke nan, ya ƙone can, hudojin sun yage awa bakin tsohon zane. Ni ke mayar da shi mutum kafin a fita da shi.

Kayan aikina za su shiga aljihun riga ɗaya. Rabin reza. Almakashin da na ara wajen Inna ban mayar ba har Allah ya karɓi abinsa. Ɗan katako mai ƙusa huɗu da aka goge kawunansu, inda nake saka hudojin don baki biyu su daidaita. Fitilar ƙwai ƙarƙashin ɓallin gilashin taga. Gam na ainihi yakan zo daga Kano sa'i da lokaci; in ya ƙare sai jan farce marar launi, wanda nake saye wurin 'yan koli kaina a sunkuye, su kuwa suna tambayata yaushe za a kai ni ɗakin miji. Ka yanke bakin da ya yage, ka kankare gefe ɗaya da reza har ya yi fari, ka shafa gam kamar kana sa wa jariri kwalli, ka ɗora ɗayan, ka danne da babban yatsa ka karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In ka ɗaga kafin ta uku, zai buɗe maka a tsakiyar fili gaban jama'a. Kuma duk yanka da ka yi yana cin gida ɗaya ko biyu, ba sa dawowa har abada.

Wata shidan farko Alhaji Bawa bai bar ni na taɓa reza ba. Naɗi kawai nake yi, daga wannan faifai zuwa wancan, har kafaɗata ta koyi kukan ƙofa. Daga nan ya ɗaure mini ido da rawaninsa, ya sa zaren tsakanin yatsuna biyu yana ja, ya ce duk inda na ji tabo in ce tsaya. In na wuce ɗaya, ranƙwashi. “Ido maƙaryaci na,” in ji shi, “yatsa da kunne su ka faɗin gaskiya.” Maganar kunnen ce ta zauna mini. Duk ɗinkin da ya ratsa maƙogwaron inji sai ya yi ƙara. Na kirki yakan ce ƙas, kamar an kashe ƙwarƙwata tsakanin farce biyu. Na banza yakan ce ƙaras, to maza ka tashi tsaye. Na kai inda ina kwance da idona rufe zan faɗa maka wannan ɗinkin ɗan Gusau ne, wancan na wani mai hanzarin zuwa sallah ne.

Doka ɗaya Alhaji ya dasa mini a ka: fim daga kamfani sumul yake fitowa, duk ɗinkin da ka gani tabo ne, wurin ya taɓa tsinkewa wani ya gyara. Masu gyaran da ke gabanmu kuwa, Allah ya yafe musu. Akwai wani na Indiya da aka kai Alelu ban duba ba, jarumin ya mutu ana kuka, can sai ga shi yana neman aure, can kuma sai ga uwarsa ta haife shi. Mutanen Alelu suka bi motar da hoge. Tun ranar na ɗauki alkawari duk fim da ya ratsa hannuna sai na jera shi yadda duniya ke tafiya: a haifi mutum, ya girma, ya yi aure, sannan ya mutu.

Masu kallonmu kala-kala ne. Mutanen Aliero in sun sayar da albasa dambe suke so, in an daɗe ana waƙa a cikin furanni sai su fara kiran a wuce. Fulani sukan tsaya can baya kan ƙafa ɗaya, sanda a wuya, su ce ai su ba kallo suke ba, hanya ce ta biyo da su, har a tashi hanyar ba ta wuce da su ba. Akwai dattawan da ke tsine wa majigi da rana a majalisa, in an kafa ƙyalle kuma a ga an jingina tsani a bayan katanga.

Sai shekarar da albasa ta ruɓe. Ku ba a haife ku ba. Ruwa ya zo ba lokacinsa ba, ya sami albasa a ajiye, daga nan har Aliero in iska ta kaɗo sai ka toshe hanci. Wanda albasarsa ta zama kunu ba ya zuwa kallon ɗan Indiya yana rawa. Motar Alhaji takan fita ta dawo ba ta mayar da ko man da ta sha ba. Ya sallami mai ɗaukar kaya, ya sallami mai shela, ya fara kallona ta wutsiyar ido irin kallon da mahauci ke yi wa akuya. Ya ce mini a fili, abin da ya rage tsakanina da ƙofa kuskure ɗaya ne. Ni kuwa ban iya noma ba, ban iya awo ba, ga Ige da goyo.

Ana cikin haka, ranar kasuwar Jega, sai ga Baturen Fata a ƙofar zaure. Wani dogon mutum ne ɗan Sifaniya, mai furfura a gira, da ke zuwa sayen fatar jar akuya yana aikawa ƙasarsu. Kowa ya san shi, yana jin Hausa, sai dai Hausar tasa tana ɗingishi. Ya rungumo wani gwangwani a ƙirji awa ɗan da aka yi wa kaciya. Ya ce fim ne na mahaifinsa marigayi, ba sauti, ya tsinke masa wuri ɗaya a ɗan injinsa na gida, a ɗinke, zai dawo kasuwa mai zuwa. Alhaji ya washe baki, ya aike ni cikin gida in ɗauko wa baƙo kujera. Kafin in samo kujerar da ƙafarta ba ta rawa, sun gama maganarsu, Bature ya tafi.

Tsinken nan kafin a dama fura na gama shi. Sai na ce bari in gwada, kamar yadda na saba. Na rufe ƙofa da bargo, na ta da janareta, na haska a bango.

Jama'a, na ga abu. Ƙararrawa ce babba tana lilo, amma kanta ƙasa gindinta sama. Kafin in ce uffan sai hannun mace yana kwaɓa fulawa. Sai teku. Sai hannun. Sai teku. Sai baƙi ƙirin, ba komai. Sai wani mutum yana hawa matakala da baya. Sai akuya a kan rufin ɗaki tana kallona. Sai kujera ita kaɗai a tsakiyar gona. Sai wasu fararen zane-zane suna tsalle awa tsutsotsi a garwashi, da gani an karce fim ɗin da allura. Ba wanda ya yi aure, ba wanda ya mutu, ba wanda ya mari wani. Inji kuwa sai ƙas, ƙas, ƙas yake, ɗinki ya fi ɗari biyu a faifai ɗaya.

Tausayi ya kama ni. Na ce wayyo bawan Allah, ya yi ta yawo da gadon ubansa ƙasa-ƙasa, masu gyaran banza suna yi masa ta'asa, shi bai sani ba. Na ce yau Allah ya kawo shi hannun gwani. Zan yi masa abin da bai roƙa ba, ya ga fim ɗin ubansa yadda uban ya bar shi, Alhaji kuma ya san wa yake shirin kora. Ban shawarci kowa ba. Gwani ba ya shawara.

Abu ɗaya ya ɗan tsaya mini. Ɗinkin banza in ka sa farce yakan ɓare. Waɗannan ko gezau, siriri, a miƙe, ba ɗigon gam ko ɗaya a gefe. Ban taɓa ganin hannu mai tsafta haka ba. Da mai hankali ne da ya tsaya nan ya yi tunani. Ni sai na ce to, tunda ba ka ɓaruwa, sai in yanke gaba da kai da gida ɗaya. Haka na bi su duka da almakashin Inna. Na kasa su a tabarma awa mai tallan tumatir: kashin teku, kashin ƙararrawa, kashin mai fulawa, kashin akuya, kowane na danne da dutse. Sannan na jera. Gari ya waye, ƙararrawa ta buga, kanta sama yadda Allah ya yi ta. Mace ta kwaɓa fulawarta ta gama a zama ɗaya. Maigida ya sauko daga bene da gaba kamar mai hankali, ya tafi bakin teku, akuya ta hau rufi, kujera tana jiransa ya dawo. Baƙaƙen da kartattun kuwa na ce ɓarna ce. Ba ma zubar da komai a sana'armu, sai na haɗa su na yi wa wani fim na Indiya goshi, wato ɗan zaren banza da ake fara zurawa a inji. Washegari Na-Allah direba, wanda shi ne kuma mai haskawa, ya ɗauki na Indiyan ya tafi Maiyama da shi.

Kwana biyu na yi, na haska aikina. Tsaf, ba kuskure. Sai dai ban kai rabi ba na yi hamma uku. Na farkon ya ba ni haushi amma ban ƙifta ido ba. Wannan kuwa awa kana kallon maƙwabcinka yana alwala.

Ige ce ta kashe ni. Ina cin tuwo da rana ta ce wai wane kiɗi ne na samo, kwana biyu ina buga shi a gwiwa, a ƙofa, har a bayan goyonta. Na ce wane kiɗi. Ta ɗauki ludayi ta buga mini a bakin ƙwarya: uku a gaggauce, ɗaya mai tsawo, uku a gaggauce, shiru, sannan biyu. Lomar da ke hannuna ta koma akushi. Ƙas-ƙas ɗin fim ɗin Bature ne, na ranar farko, kunnena ya kwashe ya ajiye ban sani ba. Fim kuwa in zai tsinke ba ya bin kiɗi. Tsautsayi bai san tashi ba, bai san sauka ba. Wanda ya yi ɗinkin nan ba gyara yake ba. Makaɗi ne, da almakashi yake kiɗansa.

Na sami Alhaji a gindin darbejiya na faɗa masa. Ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Ashe lokacin da nake neman kujera Bature ya gaya masa komai: cewa uban da gangan ya yi shi haka, da hannunsa ya ɗinka kowane guntu, sauran finafinansa duk sun ƙone a yaƙin da aka yi a ƙasarsu, wannan kaɗai ya rage a duniya, kada a taɓa ko'ina sai wurin tsinken. Na ce Alhaji ai ba ka faɗa mini ba. Ya ce ai ban tambaya ba. Sannan ya yanke hukunci: saura kwana huɗu, in mayar da shi yadda yake, in kulle bakina. In Bature ya gane, shi bai san ni ba, bai taɓa ganina ba, ko gaisuwa ba ta haɗa mu.

Tsaftar hannun mamacin nan ita ta cece ni rabi. Da yake ɗinkinsa ya ƙi ɓaruwa na yanke gaba da shi, kowane guntu yana ɗauke da gida ɗaya na wanda ke bin sa a wutsiya. Sai in ɗaga ga fitila: wannan teku ne, wutsiyarsa hannun mace, to wane hannun, na neme shi cikin hannaye ashirin, wanda yatsunsa suka yi daidai. Haka na warware nawa ɗinkin ɗaya bayan ɗaya ina bin sawun mutumin kamar mai neman ɓatacciyar saniya. Na mayar da ƙararrawa kanta ƙasa ina ba ta haƙuri. Na mayar da maigida yana hawa bene da baya. Gidajen da reza ta ci na tara su a kwalin ashana, ban san don me ba, na dai kasa sharewa.

Saura na Maiyama. Babu yadda zan yi, na hau bayan motar hatsi. Ba zan ba ku labarin tafiyar ba, sai dai wani Bafillace da ke kusa da ni ya sauka tun a hanya ya ce gara ya ƙarasa da ƙafa. Na sami Na-Allah yana shan shayi, na ce ya ba ni goshin fim. Ya ce in rufa masa asiri. Wai ranar farko mantuwa ya yi ya buɗe haske tun goshin bai wuce ba, tsutsotsin nan suka fito a ƙyalle suna tsalle, fili ya ɗauki sowa. Wani malami ya ce rubutun aljanu ne, ya tashi da mutanensa, suka koma bayan rumbu suna leƙe. Wata tsohuwa ta ce ita dai wannan ya fi mata na Indiyan, don ba a yi tsirara ba. Tun ranar sai an sa musu sau biyu kafin a fara fim. Da na ciro shi ina naɗewa a yatsa wani ya biyo ni har tasha yana cewa, “Malam, ina za ka kai muna tsutsotsinmu?”

Baƙaƙen ba su da hoton da zan gwada da wani, duk kamarsu ɗaya, sai tsawo. Su da kunne na mayar. In rufe ido in buga kiɗin a gwiwa, inda na ji shiru mai tsawo in sa dogo, inda na ji numfashi in sa gajere. Ranar kasuwa da hantsi na danne ɗinkin ƙarshe, babban yatsana ya kumbura awa an yi masa harbin kunama.

Bature ya zo bayan azahar, yana warin fata da gishiri. Ya ce a haska ya gani. Muka rufe ƙofa da bargo, shi a kujera, Alhaji a buzu yana jan carbi da ƙarfin da ba na ibada ba, ni a gindin inji. Ƙararrawa ta fito kanta ƙasa. Hannu, teku, hannu, teku. Komai a mazauninsa. Ido ba zai ce an taɓa ba, har na fara jin iska na shiga ƙirjina.

Sai na ji wani sauti bayan na inji. Bature ne ke buga yatsa a hannun kujera. Tun yana yaro yake kallon abin nan, kiɗin yana jikinsa. Da fari yatsansa da ƙas ɗin inji tare suke faɗuwa. Can sai inji ya riga shi da ƙiris. Can ya ƙara riga shi. Gidajen da ke cikin kwalin ashana ne. Kowane guntu ya gajarta da ƙiftawar ido, ƙiftawa ɗari biyu kuwa ta zama tafiya. Kafin akuya ta hau rufi, shi yana Jega inji yana Aliero. Yatsan ya tsaya. Bai juyo ba, sai ya kai hannu ya shafa kunnensa, irin na mutumin da ke zargin kansa da tsufa.

Wannan shafa kunnen ne ban iya ɗauka ba. A ce na ɓata fim ɗin ubansa, sannan in bar shi ya tafi yana zaton kunnensa ne ya mutu? Na kashe inji, na yaye bargo, na ajiye kwalin ashana a cinyarsa, na faɗi komai tun daga kashin tumatir har tsutsotsin Maiyama.

Alhaji ya miƙe awa an ɗana masa wuta. Ya yi salati, ya ce shi bai taɓa jin wannan ta'asa ba sai yanzu, ya kira ni sunayen da ban san ya iya ba, ya ce in kwashe rezata in fita, kuma in manta hanyar zauren nan. Na fara tattara kayana. Bature yana ta zazzage gidajen a tafin hannunsa yana ɗaga su ga taga ɗaya-ɗaya. Fuskarsa ta yi ja har wuya. Sai da na kai bakin ƙofa ya yi magana, kuma ba da ni ba.

“Alhaji, in ya tafi, wa zai gyara?”

Alhaji ya ce ai akwai gwanaye a Sakkwato. Bature ya tambaya ko gwanayen Sakkwato sun ji kiɗin. Alhaji ya duba carbinsa.

Kwana biyu muka yi a zauren nan ni da shi, fatunsa na jiransa a kasuwa. Gidajen da aka yanke ba sa komawa, sun yi ƙanƙanta. Abin da muka yi, duk inda kiɗi ya gajarta sai in ƙara gida ɗaya ko biyu na baƙi, shi yana buga kujera, ni ina saurare, har yatsa da inji su koma faɗuwa tare. Ranar farko bai yi mini magana ba sai “ƙara” da “rage”. Rana ta biyu Ige ta aiko da fura, ya sha, bakinsa ya buɗe. Ya ce ubansa a zamanin da fim bai fara magana ba ya tashi, shi da wasu abokansa matalauta masu taurin kai. Suka ce fim ba tatsuniya ba ce da za a ce ga ta nan ga ta nanku, abu ne da ido zai sha yadda kunne ke shan kiɗi. Ranar da aka fara haska wannan a babban birninsu, kujeru aka jefa masa, wani ya nemi a mayar masa da abin da ya biya a ƙofa har da na motar da ya hawo. Mutumin ya mutu yana gyaran agogo. Yanzu kuma, in ji shi, malaman makarantu a can suna rubuta littattafai a kansa, suna cewa shi ya buɗe wa na baya hanya, alhali cikinsu ba wanda ya taɓa ganin aikinsa, junansu suke kwafa. Na ce to ai mutanen Maiyama sun fi su, su sun gani har sun nemi ƙari. Nan ne ya yi dariya, sau ɗaya, kamar tari.

Na tambaye shi ma'anar akuyar. Ya ce ya tambayi uban, uban ya ce akuya ce.

Ban ce na fahimci fim ɗin nan ba, har yau ban fahimta ba. Amma daga ranar hannuna ya canza. In zan yanke ƙonannen wuri a fim na Indiya, ba inda ya ƙone kawai nake dubawa ba, sai na saurari inda yankan zai faɗa daidai. Da bidiyo ya zo ya kashe majigi, na koma haɗa kaset na biki da inji biyu, mutane suna cewa na Ummaru ba ya gundura, ba su san dalili ba. Wannan gilmawar da kuke yi a waya, fuskar amarya, takalmin ango, fuskar amarya, tukunya, duk a kan bugun waƙa, kuna zaton ku kuka ƙirƙiro, to akwai wanda aka jefa da kujera a kanta tun kakanninku ba su yi wayo ba. Bambancin, ku in kun ɓata sai ku danna ya dawo.

Da muka gama muka haska daga farko har ƙarshe, yatsansa bai rabu da inji ba ko sau ɗaya. Ya ce yanzu fim ɗin yana ƙifta ido a wuraren da ubansa bai sa shi ba, amma yana tafiya da ƙafar uban. Ya naɗe abinsa da kansa, bai bar ni na taɓa ba, ya sa kwalin ashana a aljihun gaba. Sannan ya ciro alƙalami, ya tambayi cikakken sunana, ya yi rubutu a murfin gwangwanin, daidai ƙarƙashin sunan mahaifinsa. Alhaji, wanda kwana biyu bai san ni ba, ya matso yana leƙe, yana cewa ai ni yaron wajensa ne, shi ya koya mini tun ban san hannun damana ba. Ni kuwa kaina ya fara kumbura. Na ce ranka ya daɗe, mi ka rubuta?

Ya bi rubutun da yatsa yana fassara mini a hankali: “Kada a sake ba Ummaru na Jega.”

Ya rungumi gwangwaninsa ya fita. Alhaji ya bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ya turo mini faifan Indiya da ƙafa.

“To ka ji, har Turai an san halinka. Zamna ka yi mishi goshi, gobe Na-Allah za shi garin Katanga.”